Sabon Oga, ga yadda ake jan ragamar masu rubuta manhaja

An ce an ɗora ka a kan tawagar masu rubuta manhaja. Allah ya taya riƙo. Kafin ka ɗinka sabuwar babbar riga, saurari 'yan shawarwari.

Idan ka ga ma'aikacinka ya zura wa bango ido, hannunsa bai ko taɓa kwamfuta ba, kada ka tambaye shi ko lafiya. Lafiya lau, aiki yake. Yana riƙe da abubuwa barkatai a kansa, kuma da zarar ka dafa kafaɗarsa ka ce "minti ɗaya", duk sun watse, sai ya sake tattaro su daga farko. Tara tambayoyinka zuwa taron safe. Shi ma taron a tsaye za a yi shi. Tsarin Scrum minti 15 ya ba wa taron kullum, kuma gwiwa ta fi kowane agogo iya tsare lokaci. Ranar da aka shigo da kujeru da shayi, sai azahar.

Sai maganar wa'adi, inda ogogi da yawa ke yin furfura. Idan ma'aikaci ya ce "saura kaɗan", ba ƙarya yake ba, har zuciyarsa haka yake gani. Kai dai ka ce ya nuna maka abin yana aiki. In kuwa ya ce mako shida, kada ka taya mako biyu, a nan ba a ciniki.

Aikin zai makara, wannan kam ka sa a ranka. A ranar zuciyarka za ta raɗa maka cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a ɗauko ƙarin mutum biyar. Ka yi a'uziyya. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a kamfanin IBM, ya yi bayani tun 1975 a littafinsa The Mythical Man-Month cewa cusa sababbin hannu a aikin da ya riga ya makara ƙara masa jinkiri yake yi. Tsofaffi za su ajiye aiki su koma koyar da baƙi. Ga kuma lissafi: tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin magana 10, tsakanin mutum goma kuwa 45. Gara ka je wurin mai aikin, ka sha faɗa, ku rage abin da za a gina.

Kada kowa ya saki sabon aiki ga jama'a shi kaɗai, balle da yammacin Juma'a. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya tafka asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, domin an sabunta manhaja a na'urori bakwai, an manta ta takwas, kuma babu mutum na biyu da ya duba. Idan irin haka ta faru a wurinka, kada ka fara da "wane ne ya yi?". Wanda aka tsawata wa a gaban jama'a, gobe ɓoye kuskurensa zai yi. Tambayi ta wace ƙofa kuskuren ya wuce, a toshe ta.

Ka kuma saya wa ma'aikatanka data da inbata mai riƙe caji kafin ka saya wa ofis sabon labule.