Masu Sayen Sifana Iri-Iri Ne

Wanda duk ya zauna a rumfar mai sayar da kayan aikin kanikanci, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fantekar Kaduna, ba ya rasa abin dariya.

Ga Sarkin Araha. "Oga, ba ni mai sauƙin, ai ƙarfe ƙarfe ne." Sai ya kwashi saitin soket mai ƙyalli da kuɗin sifana ɗaya ta kirki. Ranar da ya gamu da noti mai tsatsa, ya zura fayif a mariƙin don ƙarin ƙarfi, soket ya tsage, yatsu suka daki inji. Wai motar ce mai taurin kai. Gobe ma irinsa zai saya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Malam Kusan-Daidai, wanda lambar jikin sifana ba ta dame shi ba. Motocin Japan irin su Toyota da Honda sun fi cin 10, 12, 14 da 17, Peugeot da Golf kuwa ba sa rabuwa da 13. Shi da 13 ɗinsa zai tunkari noti mai 12, ya yi ta murɗa yana zamewa har kusurwoyin nan shida su cinye, kan ya mulmule. Daga nan sai ya ƙwala wa yaronsa kira: "Kai, kawo guduma da cizal!" Mai mota, in ka ji wannan kiran, fara salati.

Ɗan Aro kuwa taya farashi kawai yake zuwa yi. Ya tsufa a gareji, ko filaya bai mallaka ba. "Maigida, ara mini lamba 10, yanzun nan zan dawo da ita." Allah Ya jiƙan lamba 10.

Sai Alhaji mai akwati hawa uku, har da soket na inci na tsofaffin motocin Amurka, alhali Corolla gare shi. Kan batir ya saki, waya zai ɗauka ya kira bakanike.

Tsohon hannu ba ya surutu. Tsugunawa yake a tarin kayan hannu 'yan Kwatano, ya leƙa bakin soket ko ya lashe, ya zaɓi mai kusurwa shida don ya fi mai goma sha biyu riƙe noti mai gardama. Guda ɗaya zai saya, ya taya da rabin kuɗi, mai rumfa ya sallama yana ƙunƙuni. Shi nake ba makullin motata.