Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamitocin Kula da Makarantun Bakin Kogin Haɗejiya

Bayan gaisuwa da girmamawa ga iyayenmu dagatai da masu unguwanni da limamai, da iyayenmu mata, da hedimastoci da malamai, da 'ya'yanmu ɗalibai da ke zama tare da ku a wannan kwamiti, ina yi muku sannu da ɗawainiya. Aiki ne da kuke yi babu albashi, galibi ma babu ko kuɗin mota. Allah Ya saka da alheri.

Dalilin wannan takarda shi ne wata takardar, wadda kuke zama ku rubuta kowace shekara, a sa mata hannu, a manna a bangon ofishin hedimasta: tsarin ci gaban makaranta. Kusan shekara ashirin ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta ce kowace makarantar firamare ta kafa kwamiti irin naku. A Jigawa abin ya kankama sosai a zamanin shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, wato Jigawa da Kano da Kaduna da Kwara da Legas da Inugu. A lokacin ne aka koya wa da yawa daga cikinku cewa makaranta ta fara duba kanta, ta gano inda take da rauni, ta zaɓi abin da za ta gyara, ta rubuta wanda zai yi da ranar da zai gama, sannan a dawo a duba. Koyarwa ce mai kyau, kuma ina cikin waɗanda suka yi imani da ita har yau.

Abin da ke damuna shi ne, a yawancin tsare-tsaren da idona ya gani, babu kogi a ciki. Za ka ɗauki tsarin makarantar da ke tsakiyar fadama a ƙasar Guri ko Kirikasamma, ka ajiye shi kusa da na makarantar da ke kan tudu a wata ƙasa can daban, ba za ka iya cewa ga wannan ga wancan ba. Gyaran rufi, ƙarin benci, ginin banɗaki, katanga, rijiyar burtsatse. Duk buƙatu ne na gaskiya, ba na musu. Amma abin da ya fi komai cin karatun yaranmu bai samu ko layi ɗaya ba.

Ku kun fi ni sanin kogin nan. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama shi, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mana, sannan ya rarrabu cikin dausayi, wani reshe ya nufi Nguru, sauran su je su sadu da ruwan Jama'are a wajajen Gashuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, halinsa ya sauya. Ruwa ya daina ƙafewa a wuraren da a da suke bushewa da rani, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka cike cikin kogin. Shi ya sa idan malka ta yi ƙarfi, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan ba ya samun hanyar wucewa sai gonaki da gidaje. Mun gani a 2012, mun gani a 2018 da 2020, mun kuma gani a 2022, shekarar da Jigawa ta shiga sahun jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna a Nijeriya, matasa suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa don tare jinga.

To, ku lura da lokacin. Ruwan yana kai maƙurarsa ne daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, wani lokaci har cikin Oktoba. Sabuwar shekarar karatu kuma a Satumba take farawa. Makarantar da ruwa ya shiga ba a maganarta. Wadda ke kan tudu kuwa ita ce mafakar waɗanda gidajensu suka rushe, kuma babu mai tausayi da zai ce a kore su don a yi darasi. Malamin da ke zaune a cikin garin Haɗejiya yana zuwa ƙauye a kan babur ya tarar hanya ta yanke. Zangon karatu mako goma sha biyu ne ko sha uku. Idan mako shida ya tafi, rabin zangon farko ke nan, kuma zangon farko shi ne wanda ɗan aji ɗaya yake koyon riƙe fensir da gane baƙaƙe. Idan an dawo, manhaja ba ta jira kowa ba, malam ya ɗora daga inda littafi ya ce a kai. Yaron da aka tsallake masa tushe haka zai yi ta bin aji yana kwafar abin da ke kan allo, har ya kai aji shida bai iya karanta abin da hannunsa ya rubuta ba.

Manomin shinkafa a fadamar Auyo ba ya shuka kamar bai san da ruwa ba. Ya san inda ya tsaya bara, ya san irin da ke nuna da wuri, ya san gonar da zai bari sai rani. Wannan sanin yana cikin kawunanku, domin yawancinku manoman ne da masuntan. Roƙona shi ne ku shigo da shi ɗakin taro.

A aikace, ga abin da nake nufi. Ku yi zaman tsarin tun kafin hutun damina, ba bayan an dawo ba. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da ruwa ta NIHSA suna fitar da hasashensu tun farkon shekara, ana faɗa a rediyo, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A wannan zaman ku amsa tambayoyin da ba su buƙatar ko sisi. Ina za a kai rajista da littattafai da takardun sakamako kafin ruwa ya zo, kuma a gidan wa? Idan makaranta ta zama mafaka, wane aji ɗaya ko biyu za a keɓe, ko wace rumfa, ko wane zaure, don kada karatu ya tsaya cak? Idan malamai sun kasa isowa, wa ke cikin garin da zai riƙe yaran awa biyu da safe? Kusan kowane gari yanzu yana da matashi ko matashiya mai takardar NCE daga Kwalejin Ilimi ta Gumel ko wata kwalejin, yana zaune babu aiki, ga kuma malaman Islamiyya. A rubuta sunayensu tun yanzu, a nemi yardarsu a gaban mai gari. Sannan idan ruwa ya janye, ta yaya za a rama makonnin da suka salwanta: ƙarin awa ɗaya bayan tashi, ko safiyar Asabar?

A Bangaladash, inda ruwa ke shanye ƙauyuka duk damina, wata ƙungiya ta fara mayar da jiragen ruwa ajujuwa tun 2002, jirgi ya bi gida-gida ya ɗauki yara. Ban ce mu sayi jirage ba, ruwanmu ba ya daɗewa kamar nasu. Abin ɗauka shi ne sun karɓi ruwan a matsayin abin da zai dawo, suka gina karatu a kan haka.

Magana ta biyu ita ce ta buri. Na sha ganin an rubuta “inganta koyo da koyarwa” a matsayin abin da ake son cimmawa. Wa zai iya cewa an yi ko ba a yi ba? Burin da ba a iya aunawa ba ya kunyata kowa, shi ya sa ba ya motsa kowa. Akwai hanya mai sauƙi da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, kuma an gwada irinta a Arewacin Nijeriya: takarda guda mai baƙaƙe, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari, duk da Hausa. A zaunar da yaro shi kaɗai, cikin fara'a, a ga inda ya tsaya. Minti biyar ya isa. Duk wanda ya iya karatun boko a cikinku zai iya yi. Idan kun gama da 'yan aji uku, za ku san, a misali, cikin yara sittin goma sha biyar ne ke karanta sakin layi. Sai ku rubuta: zuwa ƙarshen zango na biyu muna son su kai talatin. Malam ya raba su rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya tsaya, a ba su awa ɗaya kullum. A ƙarshen zango a sake gwadawa, a karanta sakamakon a gaban iyaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan an kai, a ɗaga burin. Idan ba a kai ba, a tambayi dalili ba tare da neman wanda za a tozarta ba, domin malamin da ke fama da yara fiye da ɗari a aji ɗaya taimako yake buƙata.

Buri biyu ko uku sun isa shekara. Na fi son in ga biyu da aka cika.

Haka nan rajista. Ana kiran suna kullum, amma ba kasafai ake zama a karanta abin da take faɗa ba. Ku buɗe ta bara ku duba makonnin da aji ya zama fayau. Za ku ga lokacin dashen shinkafa, da lokacin da jan-baki ke sauka a gona a tura yara kora tun asuba, da girbi, da lokacin da ruwa ya fara janyewa kifi ya yi yawa, da ranar kasuwa da 'yan mata ke fita talla. Ba za ku hana uba neman abincin gidansa ba, kuma bai kamata ku gwada ba. Amma za ku iya daidaitawa da shi: yaro ya zo darasi biyun farko sannan ya tafi, ko 'yan gida ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. A nan ne muryar iyayenmu mata ta fi ta kowa amfani, domin su suka san gidan da yarinya ta daina zuwa da dalilin dainawar. Ina roƙon a bar su su yi magana tun farkon taro, kada a bari sai an kusa addu'ar tashi.

Na san akwai abin da ya fi ƙarfinku. Ba ku ke ɗaukar malamai ba, ba ku ke tsara kalandar karatu ba, ba ku za ku yashe kogi ko ku cire kacala ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin tushe, jiha ta kawo nata kason sannan ta karɓa, kuma a Dutse ake yanke inda za a gina aji. Amma hanyar da aka shimfiɗa ita ce tsarinku ya je hannun sakataren ilimi, ya haɗa da na sauran makarantu ya zama na ƙaramar hukuma, daga nan ya wuce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Idan makarantun Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma duk suka rubuta abu ɗaya, da kwanan wata da adadin makonnin da suka rasa, suka nemi a ɗaga harsashin sabon gini sama da inda ruwa ya tsaya a 2022, suka nemi a ba makarantun fadama damar gyara lokutansu, wannan hujja ce da ke da nauyi. Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ba sai an yi masa bayanin ambaliya ba. Abin da ofisoshi ke aiki da shi shi ne abin da ke rubuce.

A zamanku na gaba, don Allah ku gayyaci sarkin ruwa ko dattijon masuntan garinku, ko da ba ya cikin kwamiti. Ku zaga makarantar tare da shi, ya nuna muku ta inda ruwa ke fara shigowa, ku sa alama a bango, ku rubuta ranar.



Ɗan'uwanku,
wani tsohon malamin firamare,
Haɗejiya.