Zuwa ga taubashiyata, sarauniyar kujera

Taubashiya, an ce kin sayi takalmin motsa jiki. Barka da arziki! Gwaggo ce ta tsegunta min cewa har yau yana cikin kwalinsa. Wai Litinin zuwa Juma'a makaranta ta cinye ki, Asabar kaɗai gare ki, kuma kin ji an ce motsa jikin rana guda asarar gumi ne. Wa ya faɗa miki? Ko dai kujerar falon ce ta raɗa miki a kunne?

To, buɗe kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko aƙalla minti 75 na mai tsanani. A mako ta ce, ba ta tsayar da rana ba. Matsakaicin nan kuwa shi ne tafiyar da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Tafiyarku ta 'yan mata, ana rangwaɗa ana gyara mayafi ana duba waya, ba ta cikin lissafi.

A 2017 an fitar da wani bincike a kan mutum sama da 63,000 a Ingila da Sikotilan. Waɗanda suke tattara motsa jikinsu su yi shi sau ɗaya ko biyu a mako, haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da na 'yan zaman dirshan da kusan kashi 30 cikin ɗari. Kuma fa 'yan shekara 40 zuwa sama ne, sa'o'in Gwaggo! A 2023 aka sake dubawa a Birtaniya, da mutum kusan 90,000 da suka ɗaura na'urar auna motsi a hannu: 'yan ƙarshen mako da masu rarrabawa kusan kunnen doki suka yi wajen tsira daga ciwon zuciya. Uzurinki ya mutu, sai ki nemi wani.

Amma na san ki da zarmewa. Kada ki wayi gari ranar Asabar ki ce sai kin biya bashin mako gaba ɗaya. Jikin da ya saba daga gado sai adaidaita, daga adaidaita sai aji, in aka ɗora masa gudun awa biyu da rabi, targaɗe zai biyo baya, ranar Litinin kuma sai an kama ki kafin ki sauko daga bene. Fara da minti goma sha biyar, ki riƙa ƙarawa. In kin samu ki saƙala wata tafiyar a Talata da Alhamis ya fi, domin amfanin motsa jiki wajen daidaita sukarin jini kwana ɗaya ko biyu yake yi ya dushe. Ke da shayinki sai cokali uku, wannan magana taki ce.

Na san za ki ce ai kina rawa a biki. Na gan ki a kamun da ya wuce: kafaɗa ɗaya kika ɗaga, kika koma kan farantin soyayyar shinkafa.

Asabar bayan sallar asuba ina ƙofar gida. In na tarar kina barci, kuɗin sharar bana ninki biyu ne, kuma a gaban Gwaggo zan karɓa.