Ire-iren Masu Waya Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Farm Centre

Babbar waya tana da iyaka ta fuska uku: ma'ajiyarta tana cika, batirinta yana mutuwa, layinta kuma yana hannun kamfani. Duk wanda ɗaya daga cikin ukun nan ta addaba a wannan yanki na Kano, ƙafarsa takan kai shi kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, ko teburan masu gyara da caji da ke bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi. Matsalolin ba su da yawa, amma masu kawo su iri-iri ne, kuma mai gyara yakan gane kowane iri tun kafin a miƙo masa wayar.

Mafi shahara shi ne Alhaji mai ƙin gogewa. Wayarsa gig 32 ce, kuma manhajar da ke tafiyar da ita ta cinye kaso mai tsoka tun tana cikin kwali. Abin da ya rage kuwa WhatsApp ne ya gaje shi, domin Alhaji yana cikin guruf ɗin masallacin unguwa, da na tsofaffin ɗalibai, da na dangin uwa, da na dangin uba, da na 'yan kasuwa, da wasu biyu na siyasa waɗanda bai san wanda ya jefa shi ciki ba. Duk abin da aka turo, wayar da kanta take sauke shi. Ranar Juma'a hoton barka da Juma'a guda ɗaya yakan iso masa ta kowace ƙofa, kuma ko ɗaya ba ya fita.

Ba ya taɓa cewa wayar ta cika. Cewa yake yi, "Ɗana, duba min wannan, ta lalace, ko hoto ba ta ɗauka." Idan yaron ya ce, "Alhaji, ai lafiyarta ƙalau, sai dai a rage kaya," daga nan ciniki ya fara. Bidiyon ɗaurin auren da aka yi shekarun baya, wanda amaryar har ta yaye na biyu, Alhaji ya ce a bar shi. Wa'azin awa uku da ke ajiye sau huɗu, da yaron ya kai yatsa kan kwafi na huɗun sai Alhaji ya riƙe masa hannu: "Wa'azi za ka goge? Kai, ka ji tsoron Allah." Hoton da babu komai cikinsa sai rufin ɗaki da rabin babban yatsa, wannan a Makka aka ɗauka. Muryar wani da ya yi alƙawarin biyan bashi bayan Sallah ita kaɗai ce ke da hujjar zama, ita ma ba a san wace Sallar ba. Bayan doguwar muhawara yakan yarda a goge hoton wani tsohon rasit, da sharaɗin yaron ya fara tura shi cikin tasa wayar, ko za a neme shi wata rana.

Magunguna biyu ake ba shi, duka yana ƙi. Idan aka ce a kashe saukewar kai-tsaye, sai ya ce kada a yi rasuwa bai gani ba. Idan aka ce Google yana ba kowa gig 15 kyauta ya kwashe hotunansa can, sai a tarar ba ya tuna lambar sirrin imel ɗinsa, yaron da ya buɗe masa kuma ya koma Abuja. Kafin ya isa gida, ɗan wurin da aka samar masa ya sake cika.

Hajiya mai sana'a a sitatus ita ma tata cike take, da hotunan atamfa da leshi da turaren wuta da kayan kicin. Ita dai cikar tata tana kawo kuɗi, ba a ganin laifinta.

Mai memorin arha ya sayi kati mai rubutun gig 128 a kan kuɗin da ko na gig 16 na gaskiya ba zai saya ba, ya kai shagon turi aka loda masa fassarar Algaita da Labarina da Izzar So. Irin wannan kati ƙarami ne aka shirya shi ya riƙa nuna girman da ba shi da shi, don haka sabon fim kan tsohon yake hawa. Da dare ya buɗe, rabi ba sa buɗewa, washegari ya koma ya tsare mai turi da rigima. Ƙaninsa a hali shi ne wanda ya sauke manhajojin share waya har uku, su ukun suka cinye wurin da suka zo sharewa.

Akwai kuma mai tara littattafai da hoton sikirin, wanda ya ajiye ɗaruruwan takardu da niyyar karantawa idan an samu lokaci. Yana raina Alhaji ƙwarai, alhali tasa wayar ma ta daina karɓar saƙo. Daga wannan rukuni ake yawan samun masu rubuta maƙala a kan halayen mutane.

A ɓangaren batir, sananne shi ne baƙon da idonsa ke neman soket tun bai gama sallama ba. Kullum cajinsa saura kashi biyu, kullum ya manta caja, kuma bakin cajar masu gida bai taɓa dacewa da tasa ba. Sai wanda batirinsa ya kumbura har ya ɗaga murfi, ya ɗaure da robar ɗaure kuɗi yana cewa da sauranta.

Sha'anin layi a Najeriya ya bambanta da na Turai. Tun da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, lokacin da layi kaɗai ke cin dubban nairori, yawancin mutane kati suke sakawa kafin su yi kira, babu yarjejeniyar wata-wata. Wannan ya haifar da mai layi huɗu, wanda wayoyin Tecno da Infinix da itel masu ramin layi biyu suka zame masa rahama: ɗaya na kira, ɗaya na data, ɗaya na banki, na huɗun kuma shi ake ba masu bin bashi, shi ya sa kullum yake kashe. Da gwamnati ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN a Disambar 2020, aka kuma hana waɗanda ba su haɗa ba yin kira a Afrilun 2022, sai wani sabon iri ya bayyana, wato mutumin da ya je ofishin kamfani da ƙarfin gwiwa aka gaya masa layin da ya shekara goma yana riƙe da shi sunan wata mata ne a kai. Ɗan bashi kuwa ba ya buƙatar bayani, *303# ya fi lambar gidansu zama a kansa. Shi kuma mai datar dare, wanda ke jiran sha biyu ta buga saboda arha, yakan fito sallar asuba ido jajur, dattawan sahu suna yaba masa tsayuwar dare.

A Amurka da Ingila mutum yakan karɓi waya daga kamfanin layi ya riƙa biya duk wata har shekara biyu ko fiye, kuma a Amurka sau da yawa wayar a kulle take da layin kamfanin. Wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi su ne ke ƙarewa a Kano da sunan Landan yus. Babban mai sayensu shi ne ɗan gayu mai iPhone gig 64, wadda ba ta da ramin memori, iCloud ɗinta na kyauta kuma gig 5 ne. Kafin ya ɗauki sabon hoto sai ya goge tsoho, amma yana riƙe ta ta yadda kowa zai ga tambarin. Mai tsautsayin cikinsu shi ne wanda ya biya kuɗin iPhone 14 ƙirar Amurka, ya dawo gida yana jujjuya ta yana neman ramin layi, bai san tun 2022 aka cire shi daga na can ba. Wannan abin dariya ne, kuma da kuɗinsa ya saya.

Wanda babu dariya a lamarinsa shi ne dillalin waya mai kulle. Ba shi da shago, ba shi da rasit, jarinsa rantsuwa ce. Yakan ɓoye ɗan siririn cif a ƙarƙashin layi don wayar da kamfanin waje ya kulle ta nuna sabis na ɗan lokaci, ko ya sayar da wayar bashi da ba a gama biya ba, wadda kamfanin bashin zai rufe daga nesa da zarar ranar biya ta wuce. Ba Alhaji yake cuta ba, ba kuma ɗan gayu ba. Ɗalibar da ta tara kuɗin adashi yake nema, da ɗan adaidaita sahun da ke son karɓar taransifa, waɗanda bayan mako guda za su dawo da wayar da ba ta ko kira su tarar ya sauya wuri. Irin hannunsa ne kuma ke karɓar wayar da aka ƙwata da wuƙa a lungu ba tare da tambaya ba. Masu shagunan gaskiya sun fi kowa tsanarsa, domin sunansu yake ɓatawa.

Mai sayen waya ta hannu ya kamata ya saka nasa layin a wurin ya yi kira, ya sa a mayar da ita sabuwa a gabansa don ya ga ko za ta nemi asusun wani, ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, sannan a rubuta masa ita a rasit mai sunan shago. Mai sayarwar da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, a bar masa wayarsa.