Takarda Zuwa ga Wasan Kwando na Cikin Kwamfuta

Takarda ta fito daga hannun wani tsohon malamin makaranta, mazaunin Sabon Garin Jega a ƙasar Gwandu, zuwa ga mai alfarma Wasan Kwando na Kwalejojin Amurka, wanda ya yi masauki a cikin kwamfutar ɗan ƙanwata. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan ka kwana lafiya, domin ni dai ban kwana ba.

Amma ba'adu, dalilin wannan takarda shi ne abin da ya auku tsakanina da kai daren jiya, bayan lisha da nisa, sa'ad da ƙafa ta ɗauke, wuta kuma ta tafi inda ta saba tafiya, ba abin da ya rage mai haske a ɗakina sai fuskarka da ɗan ragowar caji. A wannan sa'a ce ka miƙo mini takarda daga wata hukumar kwaleji wadda ban taɓa ganin ko mutum ɗaya daga cikinta ba, cewa wai sun gode da hidimata, sun kuwa yanke shawarar neman wani koci. Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga wani rubutu a ƙarƙashinta, da haruffa masu walwala, yana sanar da ni cewa lokacin ɗanɗano ya ƙare, in ina so in nemi aiki a wata kwaleji sai in biya kusan dala 30 in mallake ka baki ɗaya. Ga mari ga tsinka jaka ke nan.

Lalle kana tune da yadda muka haɗu. Ɗan ƙanwar tawa da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya biyo ta nan a kan hanyarsa ta zuwa hutu wurin uwarsa a Maiyama, ya ajiye mini kwamfutarsa, ya ce, "Kawu, ka gwada wannan, in ya yi maka sai mu haɗa kuɗi mu saya." Na kuwa san aljihun da ake nufi. Na buɗe ka ina tsammanin zan ga dogayen samari suna tashi sama suna zuba ƙwallo a raga, irin yadda ake gani a gidan kallo, sai na tarar da jadawali a kan jadawali, sunaye a hagu, lambobi a dama, kowane yaro an auna masa tsawo da gudu da jifa da tsaro da ladabi da ƙoƙarin karatu, tamkar an ɗauko rajistar aji wadda na yi murna da rabuwa da ita ranar da na yi ritaya, an sake miƙo mini ita da sunan nishaɗi. In lokacin wasa ya yi, wasu 'yan ɗigo ne ke kai da komo a kan allo, rubutu yana gudu a gefe yana ba ni labarin abin da aka ce ya faru, ni kuwa ba ni da hurumin komai sai in sauya wannan da wancan, ko in ce a tsare mutum da mutum, ko a tsare wuri.

Duk da haka na karɓi aikin da zuciya ɗaya. Ka jera mini kwalejoji sama da 350, adadin da ke cikin rukunin farko na ƙasarku, na bar manya masu kuɗi da suna, na zaɓi wata 'yar ƙarama a bayan gari, saboda tawali'u da kuma sabo da makarantar da rufinta ke yoyo. Ka gaya mini cewa aikin koci rabinsa zawarci ne, wato neman yaran da ke gama sakandare, da ɗan kasafin da aka ba ni da 'yan guraben karatu kyauta da ke hannuna. A nan ne na haɗu da wani dogon yaro wanda ka liƙa wa taurari uku. Allah shi ne shaida, ko auren fari ban yi wa ɗawainiyar da na yi wa yaron nan ba. Na buga masa waya mako bayan mako, na aika mataimakina ya kalli wasansa, na je har gidansu na zauna da mahaifiyarsa, na gayyato shi ya zaga makaranta ya ga ɗakin kwana da filin wasa, na yi masa alkawarin zai riƙa fara wasa tun shekararsa ta farko, na ƙi kula wasu yara masu sona saboda shi. Ranar da za a sa hannu, bayan kasafin ya ƙare ƙaf, sai ka rubuto mini layi ɗaya tak, cewa ya zaɓi wata kwaleji domin ta fi kusa da gida. To, ashe da can bai san inda gidansu yake ba?

Daga nan al'amari ya yi ta gangara. Mai raba mini ƙwallo ya faɗi jarrabawa aka hana shi wasa. Wani ya yi fushi don ban sa shi da yawa ba, ya shiga rajistar masu neman canjin makaranta, wadda hukumar wasanninku ta buɗe a 2018, ya tafi ba ko sai wata rana. Wanda ya rage mai ɗan dama ya karye a idon sawu, ka ce ba zai sake taka fili ba sai baɗi, alhali da ka yi shawara da ni, da na ɗora shi a mota zuwa wurin masu ɗori na Aliero, waɗanda ake kawo wa karaya daga jihohi masu nisa. Da wa ake so in ci wasa? Da 'yan ɗigo?

To, a nan zan ajiye ladabi gefe guda. Kai, wane ne kai da za ka kore ni? Na yi aikin gwamnati har furfura ta cim mini, na ga an kori mutane, amma ban taɓa ganin an kori ko masinja ba tare da an ba shi takardar tuhuma ya amsa ba, a yi masa gargaɗi, a kafa kwamiti, a kira shi ya faɗi ta bakinsa. Ko a gaban alƙali ba a yanke wa mutum hukunci sai an yi masa i'izari, an tambaye shi ko yana da sauran hujja. Hukumarka ba ta tuhume ni ba, ba ta saurare ni ba, ba ta biya ni albashin ko wata ɗaya ba, balle sallama ko fansho, kuma tabarmar ofishina ba ta ko yi ɗumi ba. Ta duba lamba, ta ga jan alli, ta ce in tafi. Kuma ni aka kora, ni zan biya!

Ina so ka tambayi wannan hukuma taka ko ta san tarihin sana'ar da take wa shugabanci. James Naismith, wanda ya ƙago wasan nan a garin Springfield a 1891 da kwandunan 'ya'yan itace guda biyu, shi da kansa ya horar da jami'ar Kansas daga 1898 zuwa 1907, ya ci wasa 55 aka cinye shi 60. Wato da a hannunka ya faɗo, da ka kori mai wasan daga wasansa, ka kuma nemi ya biya. John Wooden ya kama aiki a jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a 1948, bai ɗauki kofin ƙasa ba sai 1964, daga nan kuwa ya ɗauka sau 10 kafin ya ajiye aiki a 1975. Da an yi masa irin gaggawarka, da wa ya san sunansa? Guy Lewis ya riƙe jami'ar Houston shekara 30, daga 1956 zuwa 1986, bai taɓa ɗaukar kofin ba, ba kuwa wanda ya tura masa takarda cikin dare. A hannunsa ne Hakeem Olajuwon ya tashi, yaron Legas wanda ya fara da tsaron gida a tamaula, ya sauka Houston ba wanda ya zo tarbarsa, ya hau tasi ya kai kansa makaranta. Suka je wasan ƙarshe a 1983 aka cinye su, suka koma a 1984 aka sake cinye su, amma shi ne aka fara zaɓa a cikin masu shiga babbar gasar ƙwararru a wannan shekara. Taurari nawa jadawalinka zai ba shi ranar da ya sauka daga tasi? Kada kuma wani a hukumarka ya ce me mutumin Arewa ya sani game da kwando, domin Masai Ujiri a Zariya ya tashi, kuma yana shugabancin Toronto Raptors suka ɗauki kofi a 2019.

Na ɗan huce. Mu komo ga ciniki, tun da shi ne ka zo yi.

Malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta cewa abin sayarwa ya zama sananne ga mai saye, mai amfani, wanda kuma za a iya damƙa shi hannu, sun kuma hana garari. Na ɗora ka a kan wannan ma'auni, sai na ga kana rawa. Da na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun da ke gindinka, sai na fahimci ba kai za a sayar mini ba, izinin amfani da kai ne kawai, wanda ba zan iya sayar wa maƙwabci ba in na gaji. Wannan kuwa ya fi kama da haya, sai dai an sa mata rigar saye. Baɗi za a fito da ƙanenka, a sauya masa lambar shekara da launin allo, a ce kai ka tsufa. Sunayen kwalejojinka da na yaranka duk ƙagaggu ne, domin masu yin ka ba su sayi lasisin na gaskiya ba. Ban kuwa ga laifinsu sosai ba, ganin cewa Ed O'Bannon ya kai ƙara a 2009 saboda an sa siffarsa a wani wasan bidiyo ba tare da an biya shi ba, kotu kuma ta ba shi gaskiya a 2014. Sai dai ya zamana yaron da na ƙarar da dukiya a kansa ko a Amurka babu shi. Mafi ciwo shi ne ka ɓoye ainihin ƙwazon kowane yaro, ka bar ni da kintacen mataimaki, kamar a ɗinke buhun albasa a kasuwar Aliero a nuna maka manyan da ke baka, a ce na tsakiya sai ka kai Legas za ka san halinsu. Hatta hiyari, wanda mazhabarmu ta ba mai saye ya jarraba abu kafin ciniki ya tabbata, misalin wata guda ga gida da kwana uku ga dabba, kai ka yanka naka daidai wurin da raina ya fi ɓaci, domin ka san mai neman ramuwa ba ya tsayawa lissafi.

Kuɗin ma da dala kake so, alhali tun da aka saki Naira a Yunin 2023 ta yi ta zamewa har dala ɗaya ta haura Naira 1,000. Katin bankina kuwa da ya ji ƙamshin ƙasar waje sai ya suma.

Adalci dai wajibi ne ko a kan abokin gaba, saboda haka zan faɗi alherinka. Ba ka da cin data, ba ka da shan caji kamar wasannin nan masu hotuna, kuma tsohuwar kwamfuta ta ishe ka. Ba ka roƙon ƙarin kuɗi kowace safiya, ba kuwa caca a cikinka. Wanda yake son lissafi da dogon tanadi, yake iya renon yaro shekara huɗu yana ganin lambobinsa suna hawa kaɗan-kaɗan har wata rana 'yar kwalejinsa ta kutsa cikin gasar watan Maris, wadda aka fara da ƙungiya 8 a 1939 aka kai ta 68 a 2011, inda faɗuwa ɗaya ke mai da mutum gida, wannan zai ci moriyar kuɗinsa har ya manta ya biya. Amma saurayin da ke son ya ga an tashi sama an dangwara ƙwallo, gara ya kai kuɗinsa gidan kallo. Haɗarinka na wajen lokaci ne, domin kai ma'abucin lagawu ne na gaske: ka sa dattijo ya riƙa cewa saura wasa ɗaya, saura wasa ɗaya, har ladan ya yi kiran assalatu, ya tashi da jajayen idanu yana tunanin wane ne zai tsare masa gindin kwando. Mai ɗakina ta riga ta tambaye ni wane ne wannan yaro da nake ambata cikin barci, kuma ko 'yan uwansa sun san da ni.

Saboda haka ga inda na tsaya. Tun zamanin da Malam Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin nan, fatake suke sauke kaya a kasuwar Jega, ba a kuwa taɓa jin hajar da ta fi ƙarfin tayi ba. Kai ka zo ba dillali, ba bakin cewa albarka, ka kafe a kan farashi ɗaya kamar kuɗin kati a asibiti. To, na taya ka rabin abin da ka sa, kuma ɗan ƙanwata ya shaida mini cewa irinku kukan karya farashi a ƙarshen shekara, ko in ƙanenku ya kusa fitowa; ni kuwa ɗan fansho ne, jira ba baƙona ba ne. Sharaɗina biyu: a ba ni kwalejin da ke gasa ɗaya da wadda ta kore ni, domin in riƙa zuwa filinsu kowace shekara muna gaisawa, kuma duk yaron da ya san gida yake so ya faɗa tun a wayar farko. In ka yarda, ka aiko da amsa ta hannun ɗan ƙanwata ranar da zai zo ɗaukar kwamfutarsa, in ya same ta. Haza wassalam.

Naka wanda ka zalunta,
Tsohon Koci, Sabon Garin Jega.