Madalla da dokokin bayan tikiti

Masu hali a Turai da Amurka suna da wata al'ada. Idan hutu ya zo, mutum ya kwashi matarsa da 'ya'yansa su shiga jirgin ruwa su yi mako guda suna yawo a teku, a ci a sha a kwanta, a dawo inda aka tashi. A watan Janairun 2024 kamfanin Royal Caribbean ya fara ɗaukar mutane daga Mayami a wani jirgi mai suna Icon of the Seas, tsawonsa mita 365, yana iya cin fasinja 7,600. Bayin Allah, ba su san daɗin tafiya ba. Komai an faɗa musu tun kafin su biya: jaririn da bai kai wata shida ba ba ya shiga, mai cikin da ya kai mako 24 ta haƙura, wanda ya fasa tafiya saura kwana kaza ga abin da za a mayar masa. Har wata yarjejeniya aka ƙulla a Atina a 1974 da ta ɗora wa mai jirgi alhakin fasinja da kayansa. Ina armashin tafiyar da ka san ƙarshenta tun kana gida?

Mu mutanen Agye da Gazawa da Gidan Runji Allah ya raba mu da wannan ƙunci. Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi ba sa ɗaukar jirgi, amma muna da kwalta mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa mu ta wuce Damagaram, muna da manyan motocin kar, muna kuma da dokokin da kamfanoninsu suka rubuta a bayan tikiti. Waɗannan dokoki sun daɗe suna yi mana hidima babu mai ce musu sannu. Yau na zo in ce musu sannu.

A ɗauki magidanci a Gangara. Ya sayar da ayarsa da riɗinsa, ya haɗa kuɗi. Ƙanensa da ke sana'a a Kwatano ta ƙasar Benin zai aurar da 'yarsa ta fari, kuma 'yan lakwal suna hutu. Zai tafi da mai ɗakinsa, da yara huɗu, da tsohuwarsa wadda ta ce ko a kan gadon asibiti take sai ta ga auren jikarta. Mutum bakwai ke nan. Ya hau kabu-kabu ya zo Gazawa, ya tsaya gaban tagar mai sayar da tikiti.

"Malam, wuri bakwai nake so ranar Talata."

"Baba, kar daga Damagaram take tasowa. In an dace da wuri, ku shiga."

"In ba a dace ba fa?"

"Sai Laraba, in Allah ya so."

Ku dubi tarbiyya! A jimla biyu an koya wa mutum tawakkali, abin da malamai ke shekaru suna fama. Mutumin Maraɗi da na Damagaram sun yi asara, domin su a bakin tasha suke, kujera tana jiransu. Mu na tsakiyar hanya mu ne aka zaɓa da daraja: mu biya tukuna, sannan mu ji ko akwai wuri. In an samu, an kuma yi wa iyali gata na biyu, an raba su. Tsohuwa a gaba kusa da ƙofa, mai ɗaki a can baya inda kowane rami ke isa ga ƙugu, yara a warwatse tsakanin baƙi. Wanda bai son wannan gata yana da zaɓi: ya kwashi iyalinsa a ƙaramar mota ya kai su Maraɗi tun jajibiri, kilomita wajen ɗari, ya ƙara kuɗin mota a kan kuɗin mota, su kwana a kan tabarma a harabar kamfani tare da sauro.

Sai dokar lokaci, wadda ita ce gwanar dokoki. Fasinja ya iso tun kafin asuba. In ya makara da minti goma kar ta tafi, kuɗinsa sun tafi, kuma laifinsa ne. In kar ce ta makara da awa shida, ko ta mutu a tsakanin Cadawa da Agye rana na dukan mutane, wannan ƙaddara ce, ba a kuma biyan diyyar ƙaddara. Wane alƙali ne zai iya raba gardama da sauƙi haka? Agogo ɗaya ne, amma kullum gefe guda yake kamawa.

Mutanen yankin Gidan Runji su suka fi kowa cin moriyar wannan doka. Kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka ke ciki, tun ma kafin 2019, shekarar da dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo yankin saboda 'yan bindiga. A ƙauyukan Gidan Sori da na Tsibiri akwai inda mutum ba ya fita bayan isha'i sai da dalili mai ƙarfi. Dokar kamfani ta ba shi dalilin. Ko dai ya ɗora mace da goyo a kan babur cikin dare ya ratsa daji don ya cim ma kar a bakin kwalta, ko ya yi asarar kuɗin ayarsa. Ba a tilasta masa ba, an bar shi da 'yancinsa. Wannan wuri yana ci mini rai, domin ran mace da jariri ne ake sa wa a ma'auni ɗaya da kujerar mota, alhali sauya wa mutum rana ba ya rage wa kamfani komai sai ɗan rubutu a littafi.

Ga kuma ilimin gane shekaru da ido. Turawa sai sun ga takarda kafin su ce yaro ya isa biyan kujera. Namu ma'aikacin kallo ɗaya zai yi.

"Hajiya, wannan ai ya girma, kuɗin babba zai biya."

"Ɗan nan, bara fa aka yaye shi."

"To ki riƙe shi a cinya."

Shi ke nan, shari'a ta ƙare. In an biya masa, ya zama babba. In ba a biya ba, ya zama kaya, kuma kayan da uwa za ta ɗauka a cinya daga Maraɗi har Doso, fiye da kilomita 500, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi. Akwai abin da ke ƙara danƙon uwa da ɗa kamar wannan? Ƙafafunta za su kumbura, zaninta ya jiƙe, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, duk ba a karɓi ko dala a hannunta ba. In yarinya ta ce fitsari, sai a ce ta daure sai Ƙonni. In an isa, minti kaɗan ne na salla da abinci da bayan gida gaba ɗaya, sai ka ga tsohuwa tana sallame salla tana jin ana danna oda.

Batun kaya kuwa sai an yi alwala kafin a taɓa shi. Bahaushe ba ya zuwa biki hannu rabbana. Akwai buhun gero, akwai ƙullin aya, akwai tabarmin kaba na amarya, akwai galan na man gyaɗa da tsohuwa ta sa aka matsa mata. Yaron kaya zai kama bakin buhu, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya dube ka daga hula har takalmi, sannan ya yanke kuɗi. Nauyin buhun da kyan rigarka ake haɗawa a fitar da lissafi. Wanda ya sa shadda ya biya kuɗin shadda. Bayan ka biya, a manna wa buhun 'yar takarda, a jefa shi a cikin motar. Daga nan sai babbar doka ta fara aiki: kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da ya ɓace ko ya fashe, sai abin da aka bayyana darajarsa tun farko, kuma ba wanda ya ce maka ana bayyanawa. An karɓi kuɗin ɗaukar kaya, an bar maka alhakin kayan. A kasuwar Cadawa in ɗan dako ya yar maka da buhu, sarkin tasha ma sai ya sa shi biya. Kamfani ya fi ƙarfin wannan ƙauyanci.

Kada a ce ba a sanar da kowa ba. An rubuta, ga shi nan a bayan tikiti, da Faransanci, da rubutu ƙanana wanda ko ɗan lakwal mai sabon ido sai ya kai shi hasken rana. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Bayan tikiti bai ji wannan labari ba tukuna, kuma ya kyauta. Da an rubuta da Hausa, ko da ajami, ko an karanta wa mutane da lasifika a tasha, da manomin Gangara ya san abin da ya saya, da ya yi tambaya, tambaya kuwa tana ɓata lokaci. Yanzu sai ranar da man gyaɗa ya malale a kan kayan amarya sannan a juya masa takardar a nuna masa layin da yatsa: "Baba, ai ka yarda da wannan tun da ka biya." Ya yarda da abin da bai karanta ba, a harshen da bai ji ba. Wace amana ta kai wannan?

Ba na mance alherin da motocin nan suka kawo. Manyanmu sun yi tafiyar Yamai a bayan babbar mota a kan buhunan gyaɗa, kwana biyu ko uku. Yau akwai kujera, akwai sanyi, akwai ranar tashi. Direbobi da yaran mota suna aiki ba dare ba rana, da yawansu kuma mutanen kirki ne, su ne ke miƙa wa tsohuwa hannu ta hau, su ne ke neman wa mai goyo sauyin wuri da bakinsu. Ba su suka rubuta dokar ba. Waɗanda suka rubuta ta suna ofis, kuma da suka iya sayen mota mai sanyi, sun iya sayen sikelin auna kaya.

A kan hanya akwai shingaye, 'yan sanda da jandarma da duwan, kowa da aikinsa. A sauko, a nuna katin ɗan ƙasa, a koma. Yaron da aka haifa a gida a ƙauye ba a yi masa takardar haihuwa ba, a nan ake tuna shi. Uban yana can cikin rumfa yana bayani, direba yana nan yana duba agogo, fasinjoji sun fara tsaki. Ai da an tambayi takardun yara tun a taga ranar sayen tikiti, da mutum ya sani ya je ofishin magajin gari ya nema. Amma kamfani yana da kunya, ba ya shiga sirrin iyali. Tsakaninsa da kai kuɗi ne, takarda kuwa tsakaninka da hukuma.

Daga Doso a karkata kudu, kilomita wajen 150 zuwa Gaya. A nan ne iyalin Gangara za su samu abin da masu kuɗin Mayami ke biyan dubban daloli su samu, wato tafiya a kan ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Iyakar Najeriya an buɗe ta a watan Maris na 2024, gadar Gaya kuwa ta ci gaba da zama a rufe, mutane suka koma ƙetare kogin Kwara a kwalekwale. Kar ta sauke ka a wannan gaɓa, wata ta jira ka a waccan. Abin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, wannan kai da Ubangijinka.

Turawa, saboda tsoro, tun da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a watan Janairun 2012 mutum 32 suka mutu, suka tsananta doka: daga 2015 dole a tara fasinjoji a nuna musu rigar ceto da wurin taruwa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Mu ba ma ɓata wa fasinja lokaci da wannan. Ana tattare zani, a taka laka, a miƙa jariri daga hannu zuwa hannu. A ɗora buhu, a ɗora babur, a ɗora tsohuwa a kan buhun. Bakin kwalekwalen ya sauka har ruwa ya kusa shafar yatsun wanda ya riƙe gefe, wani yaro yana kwarfe ruwa da yankakken galan. Yaran Gangara ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, babu wanda ya iya iyo, uwarsu ma haka. Rigar ceto in akwai, ba ta kai yawan kawuna ba, ta yara kuwa ba a maganarta. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum bakwai ya san sarai ta nan za su bi, ya san ranar, ya san sa'ar. Rigunan ceto hamsin ba su kai kuɗin tayoyin kar ɗaya ba. Amma a bayan tikiti babu kalmar ruwa ko sau ɗaya, saboda haka a wajen kamfani babu kogi.

In Allah ya tsare aka taka ƙasar Benin, sai a ƙirga yara, a ƙirga kaya, a biya mai kwalekwale da 'yan dako daga aljihu, domin wannan ma ba ya cikin tikiti. Kar ta biyu tana nan a tsaye, da nata yaron kayan, wanda bai san an biya komai a Gazawa ba. Zai kama bakin buhun geron, ya ɗaga shi taƙi ɗaya, ya dubi rigar magidancin da ta sha laka, ya ce: "Alhaji, jika uku." Saura kilomita fiye da 700 a kai Kwatano.