Jakar Ulu Ba Ta Ƙarya

Da zarar hunturu ya kunno kai a ƙarshen Nuwamba, leɓe ya fara tsagewa, sai masu saƙa su tuna suna da sana'a. A shiga jawo jakunkuna daga ƙarƙashin gado ana kakkaɓe ƙura. Na daɗe ina zama cikin matan nan, har na daina tambayar halin kowa. Mace ta buɗe mini jakar ulunta, ya wadatar.

Ta farko ita ce Uwar Tari. Za ta shiga Kasuwar Sabon Gari ta Kano sayen maɓalli, ta fito da dunƙule goma sha biyu, wai irin wannan ruwan ɗorawar ba kullum ake dace da shi ba. Akwai ulun da ta saya tun kafin gobarar kasuwar ta 2016, har yau takardarsa na ɗaure a ƙugunsa. Da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, sai ta samu hujja: ita jari take ajiyewa. To ki ce ta sayar miki da ɗaya. "Haba ƙawata, wannan ai na yi masa niyya." Kowanne an yi masa niyya, ranar cikawa ce Allah bai kawo ba. Kullum tana zuba kafur don tsoron asu, alhali asu bai taɓa kallon inda take ba, domin yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne. Ki ɗana wa bakinsa ashana, zai narke ya dunƙule kamar leda. Na gashin tumaki kuwa ƙauri yake yi, irin na babbakar kan rago ranar layya.

Sai Sarauniyar Farawa. Wajen ɗora sarƙar farko babu kamarta. Ta ga sabon salo a waya bayan isha'i, kafin ta kwanta ta yi layi biyar. Kwana uku wani salon ya fito, na farko ya zama tsohuwar zuma. A jakarta akwai gaban riga da bai san bayansa ba, da hular da ta tsaya a faifai, kowanne da kwarashinsa soke a jiki. Shi ya sa mai kwarashi goma take yawon aro a maƙwabta. Akwai bargon da ta fara lokacin kullen korona a 2020, ta rantse kafin a buɗe gari zai kammalu. An buɗe gari, an yi zaɓe, an rantsar da sabuwar gwamnati, bargo yana nan bai fi sallaya ba.

Ta Ranar Suna ita ce abar tausayi. Tun cikin yana wata huɗu ta dafa ƙirji ta ce kayan sanyin jariri nata ne. Ba ta taɓa zare ba sai da aka aiko an sauka lafiya, saura kwana 7. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ita a kan hanya ma take fafe nata. Daren suna ta kwana da fitilar waya a baki, da rana tana cikin A Daidaita Sahu tana ɗaure tuntun hula, kowane rami ya zubar mata da ƙulli ɗaya. Ta miƙa wa mai jego hular, ta ce, "Safar tana tafe." Yau yaron yana aji uku a firamare. In ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Gwaggo," sai ta dubi ƙafarsa ta yi ajiyar zuciya.

Mai Neman Launi kuwa ƙaddara ce ta faɗa mata. Saura hannu ɗaya rigar ta ƙare, ulu ya yanke. Masana'anta tukunya-tukunya take rini, kowace tukunya da lambarta a jikin takardar da ke naɗe da dunƙulen, takardar da baiwar Allah ta hura gawayi da ita tuntuni. Sai ta ƙulle guntun zare a bakin mayafi, ta bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Mai shago ya kara nasa da nata ya ce, "Hajiya, shi ne sak." A inuwar rumfa shi ne. A hasken tsakar gida kuwa, 'yan uba ne. Yanzu tana da shuɗi iri shida da riga mai hannu ɗaya.

Malama Warware ba ta yafe kuskure. Tana layi na sittin za ta hango ƙullin da ya karkace a layi na huɗu, wanda ko mai duba bai isa ya gani ba. Ta ja zare, aikin mako biyu ya zube a cinyarta a kanannaɗe kamar dafaffiyar Indomie. Dunƙule ɗaya yakan kai ta shekara. Duk unguwa babu mijin da ya kai nata kwanciyar hankali a kan kuɗin ulu.

Kishiyar halinta ita ce Mai Ɓoyo, wadda take shigo da sabon ulu a ƙarƙashin alayyafo. In maigida ya yi tuntuɓe da shi a gwangwanin madara, amsa ɗaya ce: "Wannan? Ai ya daɗe, Abban yara."

Ta ƙarshe Iya ce, tsohuwar da ba ta taɓa sayen ulu ba. Guntayen da kowa ya raina take tsinta, ta ƙulla ja da kore, ta haɗa da ruwan goro. Hulunan jikokinta launi bakwai ne, ana hango su tun daga bakin layi. Amma a watan Janairu, lokacin da sanyin asuba ke shiga ƙashi, 'ya'yan masu jaka uku da ɗankwali ake naɗe musu kunne, jikokin Iya ne kaɗai masu hula.

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ni ma ina da safa ƙwaya ɗaya, ruwan toka, mai kyan dunduniya, da ta shekara biyar tana jiran 'yar'uwarta. Bara kunya ta ishe ni, na kai wa Iya na ce ta warware ta amfana da zaren. Ta jujjuya ta, ta zura igiya a bakinta ta tsuke, ta zuba carbinta da goronta a ciki. Sannan ta rataye a ƙusa ta ce, "'Yar nan, wa ya ce miki ba a gama ba?"